Da gaske an gwada magungunan gargajiyar Indiya da ake cewa suna ƙarfafa garkuwar jiki?

Tambaya daga wani mai shagon sayar da magani a Kano: "Assalamu alaikum Dakta. Tun lokacin korona masu kawo mana kaya suke shigo da ƙwayoyi da garin magani na gargajiyar Indiya, irin su ashwagandha da giloy da tulsi da kafson kurkum. A jikin kwali an rubuta suna ƙarfafa garkuwar jiki, wasu har da cewa bincike ya tabbatar. Mutane suna saya sosai, har da masu ciwon suga da masu shan maganin HIV. Da gaske an gwada su? Ta yaya ake gwajin? Ba na son in sayar wa mutum abin da zai cutar da shi."

Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan tsoron haƙƙin mutane. Gwaji kam an yi, an yi da yawa ma, domin Indiyawa sun fi shekara 50 suna ɗora waɗannan tsirrai a kan teburin bincike. Sai dai kaso mafi girma na gwajin an yi shi ne a cikin kwalabe da jikin ɓeraye. Wanda aka yi a jikin mutane kaɗan ne, mutanen da aka tara ba su da yawa, kuma abin da aka fi aunawa shi ne lambobin da ke fitowa a sakamakon jini. Tambayar da mai saye ya damu da ita, wato ko zai rage kamuwa da cuta ko zai fi saurin warkewa, ita ce aka fi bari a baya.

Tsirran nan da ka lissafa sun fito ne daga Ayurveda, tsohon ilimin magani na Indiya. A littattafansu akwai wani rukuni da suke kira rasayana, magungunan da ake sha don tsawon rai da ƙarfin jiki da jure cuta. Ashwagandha saiwa ce. Giloy, wanda littattafai ke kira guduchi, tsiro ne mai yaɗo da ganye mai siffar zuciya, yana hawa bishiya, kuma masu maganin can sun fi son wanda ya hau darbejiya. Karansa ake yanka, kaurinsa kamar yatsa, da ƴan ƙuraje-ƙuraje a bawonsa, a dafa a sha ruwan mai ɗaci. Tulsi ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne. Akwai kuma amla, ƴaƴan itace mai tsami wanda shi ne jigon wani haɗi mai kauri da ake lasa da cokali, chyawanprash. Waɗanda suka rubuta littattafan ba su san ƙwayoyin cuta ko fararen ƙwayoyin jini ba. Masu bincike na zamani ne suka ce wataƙila abin da magabata suka lura da shi tasiri ne a kan garkuwar jiki, suka shiga gwadawa. Tunanin yana da ma'ana, amma zato ne da ke neman hujja.

Matakin farko shi ne na kwalba. Ana busar da tsiron a daka, a jiƙa garin a ruwa ko a sinadarin alkohol, a tace, a ƙafe ruwan har ya bar wani abu mai danƙo a gindin kwalba. Daga nan a ɗiga shi a kan ƙwayoyin garkuwa da ake reno a faranti, musamman manyan nan masu haɗiye ƙwayoyin cuta da ake kira makrofej. Bayan kwana ɗaya ko biyu a duba ko sun ƙara haɗiya, ko sun zubo da sinadaran da suke kiran ƴan'uwansu da su. Kusan duk tsiron da aka gwada haka yakan nuna wani motsi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata. A 2008 masu bincike a Jami'ar Mississippi ta Amurka suka nuna cewa mafi yawan motsin da makrofej ke yi idan aka zuba musu ruwan wasu tsirrai da suka shahara wajen ƙarfafa garkuwa, ɓurɓushin bangon bakteriya ne ke jawo shi, bakteriyar da ke zaune a jikin tsiron da cikinsa. Makrofej an halicce shi ne ya zabura da ya ji ƙanshin bakteriya, ko da matacciya ce. Saboda haka duk takardar binciken da na karanta, abin da nake fara nema shi ne ko sun auna wannan gurɓata, ko sun kashe tasirinta da maganin da ake kira polimiksin B kafin su ce tsiron ne ya yi aiki. Takardu da yawa ba su yi ba.

Akwai kuma matsala ta biyu a wannan mataki. A faranti, maganin yana haɗuwa da ƙwayar kai tsaye. A jikin mutum sai ya bi ta ciki da hanji da hanta, kuma abin da ke isa jini kan zama ɗan mitsitsi ko ya sauya kama. Kurkum ne babban misali. Sinadarinsa mai launin rawaya, kurkumin, yana yin abubuwan mamaki a faranti, amma hanji ba ya tsotsarsa sosai, hanta kuma tana saurin fitar da ɗan abin da ya shiga. A 1998 wasu masu bincike a Bangalore suka nuna cewa idan aka haɗa shi da fiferin, sinadarin da ke cikin baƙin barkonon Indiya ɗan'uwan masoro, abin da ke shiga jini yana ninkuwa kusan sau 20. Shi ya sa za ka ga kafson kurkum da yawa an rubuta akwai baƙin barkono a ciki. To amma hanyar da fiferin ke bi ita ce rage wa hanta da hanji saurin sarrafa abin da ya shigo, kuma ba kurkumin kaɗai wannan ke shafa ba, har da wasu magungunan asibiti da mutum ke sha. A 2017 wata tawagar masana kimiyyar magunguna a Amurka ta yi bitar gwaje-gwajen kurkumin sama da 120 da aka yi a jikin mutane, ta ce ba ta sami ko ɗaya mai cikakkun sharuɗɗa da ya yi nasara ba. Ta kuma nuna cewa kurkumin na cikin sinadaran da ke ruɗar na'urorin gwaji, su ba da sakamako mai kyau na ƙarya.

Mataki na biyu ɓeraye ne, kuma a nan ne takardun Indiya suka fi yawa. Hanyoyin sanannu ne, ɗalibin digiri na biyu a sashen harhaɗa magunguna yakan yi su da hannunsa. Ana ɗura wa ɓera maganin na mako ɗaya ko biyu. Sai a yi masa allurar baƙin tawada ta jijiyar wutsiya, a riƙa ɗibar jini bayan ƴan mintuna ana duba saurin da baƙin ke gushewa, domin ƙwayoyin hanta da saifa ne ke share shi. Ko a yi masa allurar jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, bayan kwanaki a auna yawan sinadaran kariya da jikinsa ya ƙera a kansu, sannan a sake tsira masa kaɗan a tafin ƙafa a auna kumburin da ma'auni. Ko a ba shi maganin sankara mai suna saiklofosfamaid, wanda ke durƙusar da ɓargo, a ga ko tsiron zai hana fararen ƙwayoyin jini faɗuwa. A cibiyar binciken sankara ta Amala da ke Thrissur a jihar Kerala an yi irin wannan da ashwagandha, aka ga ƙwayoyin ɓargo da fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen sun ƙaru. A asibitin KEM na Mumbai, Farfesa Sharadini Dahanukar da abokan aikinta sun shafe shekaru tun daga wajajen 1980 suna aiki a kan giloy, suka nuna ɓerayen da aka ba shi sun fi tsira idan aka sa musu bakteriya a cikin ciki. Aiki ne na gaske da masana na gaske suka yi, kuma ina girmama shi. Iyakarsa ita ce ɓera ɗan gida ne da aka haifa a keji mai tsafta, an ba shi adadin magani da in aka lissafa da nauyin mutum yakan fi abin da ke cikin kafso nesa ba kusa ba. A harkar magunguna gaba ɗaya, har na asibiti, mafi yawan abin da ya yi kyau a ɓera yakan faɗi idan ya zo jikin mutum.

Mataki na uku shi ne alƙali. A tara mutane, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu kafso mai kama da shi wanda ba komai a ciki sai gari, kuma a ɓoye wa likita da majiyyaci wa ya sami wanne har a gama. A rubuta tun kafin a fara abin da za a auna, don kada a zo ƙarshe a zaɓi lambar da ta yi daɗi. Indiya ta buɗe rajistar irin waɗannan gwaje-gwaje a 2007 domin wannan dalili.

Ga misalin ɗaya da aka yi a kan ƙa'ida. A babban asibitin koyarwa na AIIMS da ke Delhi an ba mutane 24 masu ƙoshin lafiya miligiram 300 na tataccen ganyen tulsi kullum har mako 4, aka buga sakamakon a 2011. An ga wasu sinadaran garkuwa da wasu rukunan fararen ƙwayoyin jini sun ƙaru. Wannan shi ne irin binciken da kamfani zai ɗauka ya rubuta "bincike ya tabbatar" a kwali. Abin da ya tabbatar shi ne tulsi na taɓa garkuwar jiki. Bai auna ko ɗaya daga cikin mutanen ya tsira daga mura ko zazzaɓi ba, kuma mutum 24 a wata guda ba za su iya amsa wannan ba. Wani gwajin da aka buga a 2005 ya ba mutane 75 masu atishawa da yoyon hanci na rashin jituwa da ƙura ko furanni giloy ko kafson da ba komai a ciki na mako 8, kuma waɗanda suka sha giloy sun sami sauƙi fiye da ɗaya ɓangaren. Wannan ya fi amfani, don ciwon da mutum ke ji aka auna. Amma ka lura, wannan ciwon na garkuwar da ta yi yawa ne, sauƙinsa yana nufin an kwantar da ita.

Tsiron da hujjarsa ta fi kauri a wannan fage wani ne mai tsananin ɗaci da Indiyawa ke kira kalmegh, masana kuma andrographis. Bitar da aka yi a 2017 ta haɗa gwaje-gwaje 33 na mutane sama da 7,000, ta ga yana rage tari da ciwon maƙogwaro ga masu mura, tare da gargaɗin cewa ingancin yawancin gwaje-gwajen ba shi da ƙarfi. Wannan magana ce ta rage wahalar mura ga wanda ya riga ya kamu, ta ƴan kwanaki. Ba ta zama izinin mai lafiya ya riƙa sha wata da watanni ba.

A nan nake son mu tsaya kan kalmar "ƙarfafa", domin ita ce tushen ruɗun. Garkuwar jiki kamar ƴan sintirin unguwa ce. Idan sun yi sanyi ɓarawo ya shigo, idan kuma aka zuga su fiye da kima sai su fara dukan ƴan unguwa. Asma, amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu, cutar lupus, nau'in ciwon suga da ke kama yara, duk garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita. Mutane da yawa da korona ta kashe, wutar da garkuwarsu ta kunna a huhu ce ta ƙarasa su, kuma maganin farko da aka tabbatar yana rage mace-macen a 2020, deksametason, aikinsa danne garkuwa ne. Don haka idan tsiro da gaske yana zaburar da garkuwa, akwai mutanen da zai yi wa illa, kuma giloy ya nuna haka a fili.

Lokacin korona, Ma'aikatar AYUSH, wadda gwamnatin Indiya ta kafa a 2014 don kula da magungunan gargajiya, ta ƙarfafa wa jama'a gwiwar shan irin waɗannan tsirrai, gidaje da yawa suka koma dafa giloy kullum. A 2021 likitocin hanta a Mumbai suka ba da rahoton mutane 6 da suka zo da shawara da kumburin hanta bayan shan giloy. Da aka tsinko naman hantarsu aka duba, sai aka ga hoton hantar da garkuwar jiki ke kai wa hari. Ma'aikatar ta musanta, ta ce mai yiwuwa an ruɗe ne da wani ɗan'uwansa mai kama da shi, Tinospora crispa, wanda dama an san yana lalata hanta. Sai a 2022 aka fitar da rahoton marasa lafiya 43 daga asibitoci 13 na sassan ƙasar, da irin wannan matsalar. Ko da mun karɓi uzurin ma'aikatar, kai da ke riƙe da kwalin gari a Kano ba ka da hanyar bambance ƴan'uwan nan biyu. Ashwagandha ma an sami rahoton ya taɓa hantar wasu a Aisland da Amurka da Indiya, yana iya ɗaga sinadarin tayirod da wata halitta a gaban wuya ke fitarwa, kuma Denmark ta hana sayar da shi a kayan ƙarin abinci a 2023.

Sai maganar abin da ke cikin kwalbar ita kanta. Ƙarfin saiwa yana sauyawa da ƙasar da ta fito, da lokacin da aka haƙo ta, da yadda aka ajiye ta, kuma wasu kamfanoni kan cika garin saiwar ashwagandha da na ganyenta don ya fi araha. Binciken da aka yi da tataccen magani na wani kamfani ba shaida ba ne ga kafson wani. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarafa masu guba. A 2004 Dakta Robert Saper da abokan aikinsa suka sayo magungunan Ayurveda 70 a shagunan Boston, suka sami dalma ko zaiba ko asenik a 14 daga ciki. A 2008 suka sake da 193 da suka saya ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar. Wani ɓangaren gurɓata ce, wani kuma da gangan ne, domin akwai reshen Ayurveda mai suna rasa shastra da ke ƙona ƙarafa ya zuba tokarsu a magani. Idan ka ga kalmar bhasma a jerin kayan haɗi, toka ce irin wannan. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Kada lambar rajista ta ruɗe ka. A dokar Indiya, haɗin da aka yi shi yadda ya zo a tsofaffin littattafan da doka ta amince da su yana samun lasisi ba tare da an gwada shi a jikin marasa lafiya ba. Labarin Coronil ya isa misali. A ranar 23 ga Yunin 2020 kamfanin Patanjali ya fito da shi, haɗin giloy da ashwagandha da tulsi, ya ce maganin korona ne, hujjarsa gwajin mutane kusan 100 da cutar ba ta tsananta musu ba. A ranar Ma'aikatar AYUSH ta umarce shi ya dakatar da tallar, daga baya aka bar shi ya sayar da sunan mai ƙarfafa garkuwa, wato sunan da ba ya buƙatar a nuna ya warkar da kowa. A Fabrairun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce ba ta duba ko tabbatar da wani maganin gargajiya na korona ba, a 2024 kuma shugabannin kamfanin suka nemi afuwa a gaban Kotun Ƙolin Indiya kan tallace-tallace masu yaudara. A nan gida ma, lambar da NAFDAC ke ba maganin gargajiya a matakin farko tana magana ne kan cewa ba a ga guba a samfurin da aka kai ba, shi ya sa ake rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Ba na cikin masu cewa tsirran Indiya shirme ne. Saiwar sarpagandha ta daɗe a hannun masu maganinsu, har Dakta Rustom Jal Vakil na Bombay (Mumbai a yau) ya buga sakamakon masu hawan jini 50 da ya ba ta a 1949, a 1952 aka ciro reserpin daga cikinta a Suwizalan, ya zama ɗaya daga magungunan hawan jini na farko da suka yi aiki a duniya. An kai ga haka ne don an auna abin da ya shafi majiyyaci kai tsaye, an san adadin da ake sha, an kuma gano illolinsa. Giloy da ashwagandha da tulsi suna da sinadarai masu aiki, kuma ina ganin sun cancanci gwaji babba: mutane dubbai, shekara guda, a ƙirga wa ya kwanta ciwo da kwana nawa, a riƙa duba hantar kowa, kuma kuɗin aikin kada ya fito daga aljihun mai sayarwa. Har a yi wannan, ba zan ce wa kowa suna kare shi daga cuta ba.

A shagonka, ga waɗanda zan roƙe ka kada ka ba su giloy ko ashwagandha ko kafson kurkum mai baƙin barkono: mai ciki da mai shayarwa, ƙananan yara, mai ciwon hanta kowane iri har da masu ɗauke da hepatitis B da suke da yawa a cikinmu, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai lupus ko amosanin gaɓɓai ko matsalar tayirod, da wanda ke shan maganin tarin fuka, tunda shi ma hanta yake wahalarwa. Mai ciwon suga da ke shan magani, giloy na iya ƙara saukar masa da suga, kuma abin da zai gyara masa garkuwa da gaske shi ne sugan ya daidaita. Masu shan maganin HIV kuwa, maganin da suke karɓa a asibiti shi ne aka tabbatar yana dawo da garkuwarsu. Ka ja kunnensu kada su ajiye shi ko rana ɗaya saboda wani kafso, kuma duk abin da za su ƙara a kai su fara nuna wa likitansu. Kurkum da citta da ɗoɗɗoya a miya ko a shayi ba su cikin wannan gargaɗi, adadin abinci daban yake da tataccen da aka cusa a kafso.

Babba mai ƙoshin lafiya da ya nace sai ya sha, ka zaɓa masa mai tsiro guda ɗaya, da sunansa na kimiyya da adadin miligiram da lambar rukuni da ranar lalacewa a rubuce, ka guji haɗin da ke da bhasma ko wanda ba a bayyana kayan cikinsa ba. Ya sha na ƴan makonni, kada ya mai da shi abin kullum. Idan idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ƙaiƙayi da tashin zuciya suka kama shi, ya daina nan take ya tafi asibiti a auna hantarsa, kuma ya tafi da kwalin a hannunsa don likita ya ga abin da ya sha.